Taku nawa ne tsakanin rijiyarka da masan maƙwabcinka?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, don magana ce ta abin da muke ɗura wa yaranmu a ciki kullum.

Kwanakin baya wani maƙwabcinmu ya kawo masu haƙa rijiyar burtsatse gidansa. Kowa a layin ya yi murna, saboda mun daɗe rabonmu da ruwan famfo, kuɗin kurar 'yan ga-ruwa kuwa sai hawa yake. Da na leƙa na ga inda aka kafa injin, sai na ƙirga da ƙafata daga bakin ramin zuwa sokawen gidan da ke bayansa. Taku takwas na samu. Na ja shi gefe na ce, Alhaji, wurin nan fa ya yi kusa. Ya kira mai aikin, shi kuma ya yi dariya ya ce, “Malam, mun yi mita arba'in a ƙasa, ba abin da zai taɓa shi. In ruwan ya fito ka zo ka gani, garau kamar na roba.” Ruwa ya fito, garau ɗin ne kuwa. Da yamma a majalisa aka yi ta tsokanata, wai ɗan boko ya ji kunya.

Ban ji kunya ba, amma na lura da abin da ya sa maganar tawa ta faɗi. Su tambayarsu ita ce: ruwan nan ya gurɓace ko bai gurɓace ba? Eh ko a'a suke so. Ni kuma ba ni da eh, ba ni da a'a, tunda ba wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin layinmu ya ga yadda ruwa ke tafiya. Wanda ya ce “tabbas lafiya lau” ya fi mai cewa “wataƙila” kwarjini a majalisa, ko da kuwa mai wataƙilar ne ke kan gaskiya. Ra'ayina shi ne mu sauya tambayar gaba ɗaya, mu da hukumominmu. Mu riƙa tambayar: cikin rijiyoyi goma masu irin wannan yanayi, guda nawa ne ake sa ran ƙazanta za ta isa gare su? Wannan tambaya tana da amsa, kuma lissafinta bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Da farko, ido da harshe ba su da hurumi a wannan shari'a. A shekarar 1854 cutar kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho da ke birnin Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan, ya gano yawancinsu famfo ɗaya suke sha, na titin Broad. Famfon nan har daga nesa ake aikowa a ɗebi ruwansa saboda daɗinsa. Da aka tona daga baya sai aka tarar da ramin ƙazanta a gefen rijiyar, tazarar ba ta kai taku biyu ba. A Bangladesh an haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa tun daga shekarun 1970 domin a raba mutane da ruwan kududdufi, kuma an yi nasarar rage gudawa. Sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawansu na ɗauke da gubar asenik, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Nan kusa da mu, a Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gane daga ina matsalar take. Duk waɗannan ruwaye garau suke a kofi.

To tunda ido ba ya gani, sai gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya ba a mililita 100 na ruwan sha, domin ita ce shaidar cewa kashi ya shiga ruwa. Ta sa iyakar naitiret a miligiram 50 cikin lita, fuloraid a miligiram 1.5. Nijeriya ma tana da nata ma'aunin ingancin ruwan sha tun 2007. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wa zai gwada kowace rijiya a Kano ko Zariya ko Damagaram, kuma ya dawo ya maimaita duk shekara? Rijiyoyin da ke cikin gidaje ma ba wanda ya san adadinsu. In kuɗin gwajin rijiya ɗari ne a hannu alhali rijiyoyin dubbai ne, dole a sami hanyar zaɓen ɗarin da za a fara da su. Nan ne lissafin yiwuwa yake da amfani.

Kada sunan ya tsorata kowa. Ɗan kasuwar Dawanau da zai sayi buhun wake ɗari ba ya zazzage su duka. Yana soka wasu, ya duba, ya yi ƙiyasin sauran, ya ba da farashi. Manomin da ya haɗa gero da dawa a gona ɗaya bai san yadda damina za ta kaya ba, shi ya sa ya raba ƙafa. Wayarka tana ce maka akwai yiwuwar ruwan sama kashi 70 cikin ɗari, ka ɗauki lema ba tare da ka nemi rantsuwa ba. Abin da muke yi kullum ne, rubutawa kawai ba mu yi.

Ga yadda abin yake a ƙarƙashin ƙasa. Ƙazanta tana buƙatar abu uku kafin ta same ka: inda za ta fito, hanyar da za ta bi, da bakin da zai sha. Inda take fitowa mun sani: masai, sokawe, kwata, juji, turken dabbobi, tankin gidan mai. Hanyar ita ce ƙasa. Ƙasa kuwa matata ce, tana riƙe ƙwayoyin cuta, kuma su ma suna mutuwa da kansu idan tafiyar ta yi tsawo. Saboda haka babbar tambaya ita ce kwana nawa ruwan zai yi daga masai zuwa rijiya. Masanan ƙasa na Birtaniya sun fitar da wani jagora a 2001 domin ƙasashe irin namu, inda suka ce in tafiyar ba ta kai kwana 25 ba haɗarin babba ne, tsakanin 25 da 50 ya ragu, in ta haura 50 ya yi ƙasa sosai.

Kwanakin tafiya kuma lissafin firamare ne: nisa a raba da sauri. Nisa kana iya aunawa da igiya. Saurin ne ba ka sani ba. A yumɓu ruwa da ƙyar yake motsi, a rairayi yana sauri, a tsagar dutse kuwa kamar a bututu yake gudu, kuma duka ukun suna iya kasancewa a ƙarƙashin unguwa ɗaya. A nan ne yawancinmu muke ɗaga hannu mu ce ba a sani ba, sai a bar maganar. Mai lissafin yiwuwa cewa yake: ban san adadi ɗaya ba, amma na san iyakar ƙasa da iyakar sama, bari in gwada su duka.

Ku ɗauki wannan a matsayin misali kawai, alƙaluman nawa ne na koyarwa, ba na wata unguwa ba. A yanka takarda goma, a rubuta saurin da ruwa zai iya yi a rana, da santimita: 10, 10, 15, 20, 20, 30, 30, 50, 80, 100. A zuba a hula. Rijiyarka tana mita 10 daga masai. In ka zaro takarda mai 10, tafiyar kwana 100 ce, ka tsira. In ka zaro mai 50, kwana 20 ne, ka faɗa. Mai 80 da mai 100 sun fi muni. Wato takarda uku cikin goma suna kawo ƙazanta kafin kwana 25. Haɗarinka kashi 30 cikin ɗari ke nan.

Yanzu ku ga inda ake yaudarar kai. In ka haɗa alƙaluman goman nan ka raba, matsakaicinsu santimita 36 da rabi ne a rana. Mita 10 a wannan sauri kwana 27 ne. Mai aiki da matsakaici zai ce maka ka haye kwana 25, je ka sha. Alhali cikin gidaje goma irin naka, uku suna shan abin da bai kamata ba. Matsakaici bai taɓa kai yaro asibiti ba, waɗancan takardu uku na ƙarshe ne suke kaiwa.

Da wannan hula ɗaya za ka ga darajar kowane taku. A mita 6, kusan irin tazarar da na ƙirga a gidan Alhaji, takarda biyar ne ke faɗawa, rabi da rabi. A mita 15 sun koma biyu. A mita 30 babu ko ɗaya cikin hular. Daga irin wannan tunani ne ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ta fito, ta cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Masana suna yin wannan zare-zaren takarda da kwamfuta sau dubu goma, suna canza sauri da zurfi da yawan ruwan sama a lokaci guda. Sunan dabarar Monte Kalo, daga garin nan na Turai da ya yi suna da gidan caca, kuma masu lissafi a Amurka ne suka ƙirƙiro ta a shekarun 1940. Amma ruhin abin shi ne hular nan.

Wani zai ce to ai shi ke nan, a bi ƙa'idar mita 30 a huta, me ya kawo lissafi? Ga abin da ya kawo shi. Fulotin da muke kira hamsin da ɗari ƙafa ake nufi, wato kusan mita 15 da mita 30. Da yawanmu ma rabinsa muka samu, ko kwata. A irin wannan fili ta ina za ka sami mita 30? Ko ka tura rijiyarka ƙofar gida ka kai masanka ƙurya, na maƙwabcin dama da na hagu suna jingine da katangarka. Dokar da kusan kowa ya karya ta daina bambanta kowa da kowa. Ba ta gaya maka wanda ke mita 6 a kan rairayi ya fi wanda ke mita 20 a kan yumɓu shiga haɗari nesa ba kusa ba. Lissafin yiwuwa yana jera su, daga mafi muni zuwa mai dama-dama, kuma jerin ne mai ƙaramin kasafi yake buƙata.

Akwai wasu abubuwa biyu da lissafin ke tona wa asiri, waɗanda hankali kaɗai ba ya saurin kamawa. Na farko, haɗari taruwa yake. A ce ramuka huɗu ne kewaye da rijiyarka, kowanne da haɗarin kashi 10 kacal. Kowane maigida zai ce nasa ba komai ba ne. Amma yiwuwar ka tsallake dukkansu ita ce 0.9 sau 0.9 sau 0.9 sau 0.9, wato kusan kashi 66. Saura kashi 34 a kanka. Haka kuma shekaru. Haɗarin kashi 5 a shekara ƙarami ne a kunne, amma cikin shekara goma yiwuwar abin ya faru aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 40. Rijiya kuwa ba don shekara ɗaya ake haƙa ta ba.

Na biyu, takardar gwaji ɗaya ba lasisin har abada ba ce. A ƙasarmu ruwan ƙasa yana tasowa a Agusta da Satumba, har ka ga rijiyar da ake zura guga gaba shida ta dawo gaba biyu. Lokacin ne gindin masai yake haɗuwa da ruwan, matatar ta ɓace. In rijiya tana gurɓata wata uku ne kawai cikin goma sha biyu, wanda ya ɗebi ruwan gwaji a watan Maris zai dawo da takarda mai kyau, ya manna a bango, ya yi shekara biyar yana nuna wa mutane. Bai yi ƙarya ba, lokacin ne bai dace ba. Ba banza ba kwalara take bin damina. A 2021 an ƙirga mutum fiye da dubu 100 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya san yadda ruwa ke haɗe masai da rijiya cikin dare ɗaya.

Game da maganar mai haƙa cewa ya yi mita arba'in, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Zurfi yana taimakawa ƙwarai. Sai dai da sharaɗi: a toshe zagayen bututun daga sama da siminti yadda ruwan sama-sama ba zai zurara ta gefensa ba, a kuma yi daɓe mai gangara a baki. In aka yi ƙwauron buhun siminti biyu, ramin da ka biya kuɗi aka haƙa shi ne zai zama hanyar da ƙazanta za ta bi ta sauka mita arba'in ɗin cikin awoyi. Na tambayi mai aikin ko ya toshe. Ya ce ba a sa shi cikin ciniki ba.

Ba zan ɓoye raunin wannan hanya ba, don na san akwai injiniyoyi da masana ƙasa a cikin masu karanta ni. Abin da ka zuba a hula shi za ka zaro. In alƙaluman na ƙarya ne, kashi 30 ɗin ma na ƙarya ne, sai dai ya sa riga mai kyau. Ƙasar Kano da Zariya dutse ne ruɓaɓɓe a sama, mai tsage-tsage a ƙasa, kuma tsaga ɗaya tana iya rusa duk lissafi. Ƙasar Sakkwato da ta Borno shimfiɗar rairayi da yumɓu ce, hularsu daban. Fadama kuma tata daban. Sannan maganar kwana 25 ta ƙwayoyin cuta ce masu mutuwa. Naitiret na taki da masai, ko sinadarin kuromiyam da masana'antun jima ke amfani da shi, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa da Bompai, ba sa mutuwa don sun daɗe a hanya. Asenik da fuloraid kuwa daga dutsen kansa suke fitowa, nisa da masai ba ya maganinsu. Lissafi ba zai maye gurbin gwaji ba. Aikinsa ya nuna inda za a fara kai kwalbar gwaji, sakamakon kuma ya dawo ya gyara alƙaluman hular. Duk da haka, wanda ya ce “tsakanin kashi 20 da 40, ga dalilina” ya fi min wanda ya ce “ba abin da zai taɓa shi”. A 2020 masu bincike a Suwizalan sun fitar da taswirar yiwuwar samun asenik a ruwan ƙasa na duniya baki ɗaya, suka ce mutanen da ke cikin haɗari tsakanin miliyan 94 ne da miliyan 220. Dubi faɗin tazarar. Ba su ji kunyar faɗa ba, kuma da taswirar ake sanin inda ya kamata a je a auna.

Kuma don Allah kada wani ya ɗauki rubutun nan ya tafi rufe rijiyoyin talakawa. In ka rufe rijiya ba ka kawo madadi ba, kududdufi za a koma, wanda haɗarinsa ba ya buƙatar hula. A Bangladesh fenti suka yi amfani da shi: bakin famfon da aka gwada ya wuce ƙima a shafa masa ja, mai kyau a shafa kore. Ja a yi wanki da wanka, kore a sha. Sau da yawa rijiya ja da kore suna maƙwabtaka a ƙauye ɗaya.

Abin da nake nema daga hukumomin ruwa na jihohi bai fi ƙarfinsu ba. Duk mai haƙa rijiyar burtsatse ya miƙa takarda ɗaya: zurfin da ya tarar da ruwa, irin ƙasar da ya ratsa, ko ya toshe da siminti. Ƙananan hukumomi su farfaɗo da aikin duba-gari, a ba su igiyar awo da fom mai tambaya goma. Jami'o'inmu suna da sassan nazarin ƙasa cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu. Akwai tsohuwar hanya mai suna DRASTIC da Amurkawa suka fitar a 1987, wadda ke ba wa wuri maki bisa abubuwa bakwai, irin su zurfin ruwa da nau'in ƙasa da gangara. A haɗa waɗannan a fitar da taswirar unguwanni mai launi uku, a manna a ƙofar gidan mai unguwa, a bayyana da Hausa. Sai kuɗin gwaji da sinadarin kulorin su fara tafiya inda ya yi ja, kafin damina ta yi nisa.

Mu kuma namu ya fi sauƙi. Gobe da safe ka fita ka ƙirga taku daga rijiyarka zuwa ramin da ya fi kusa, naka ko na maƙwabci. Mita 30 kusan taku arba'in ne na babban mutum. Ka duba ko akwai murfi, ko daɓen ya tsage, ko guga a ƙasa ake yar da shi, ko kwata na kwanciya a gefe. Ka tuna inda ruwan yake kaiwa a Satumba. In taku ya yi kaɗan kuma ruwan yana tasowa, ka ɗauki kanka a sahun ja har sai gwaji ya wanke ka: a tafasa na sha ko a sa kulorin, musamman na jarirai da tsofaffi. In za ku gwada, ku haɗa kuɗi a layi, ku yi a ƙarshen damina. In kana sayen ruwan kura, ka tambayi ɗan ga-ruwanka daga ina yake ɗebowa, ka je ka gani da idonka sau ɗaya.

Shi Alhaji dai bai matsar da rijiyarsa ba, an riga an kashe kuɗi. Amma bayan mun zauna na yi masa misalin hular nan da takardun, ya yarda an dawo an yi daɓe, kuma mun yi alkawari gida shida za mu haɗa kuɗin gwaji a Satumba. Zan kawo muku sakamakon ko da ya ƙaryata ni, kuma wallahi na fi son ya ƙaryata ni, don yarana ma can ake ɗebo musu.

Wanda ya ƙirga nasa takun ya faɗa mana nawa ya samu, da garin da yake. Allah ya kiyaye mu da zuri'armu.